Katangun ƙasa na garin Hagi sun hana ni sukuni

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a bani ɗan fili, wani abu na gani da idona a nan Japan inda nake karatu, tun ranar yake cina a rai.

A watan Mayu muka je wani tsohon gari da ake kira Hagi a jihar Yamaguchi, a bakin teku yake, daga tashar Shin-Yamaguchi kamar awa ɗaya ne a bas. Ni duk a zatona fada zan gani irin mai hawa-hawa ɗin nan da muke gani a hoto, ashe babu ita, tun 1874 aka rushe ta. Wani sarkin yankin mai suna Mori Terumoto ne ya fara ginata a 1604 bayan ɓangarensu ya sha kashi a yaƙin Sekigahara an ƙwace masa mafi yawan ƙasarsa, yanzu abinda ya rage sai tushen dutse da ramin ruwan da ya kewaye ta a gindin dutsen Shizuki. Da farko har naji haushin kuɗin motata.

Sai da muka shiga lungunan unguwar mayaƙan samurai na da sannan jikina yayi sanyi. Malam katangun ƙasa ne! Ƙasa dai irin wadda muka sani, wasu an shafa musu farar ƙasa wasu kuma an barsu haka nan jajaye-jajaye, na sa hannu na taɓa wata har da ɗan tsakuwa da ciyawa a jikinta kamar katangar gidan kakana. Bambancin kawai su sun ɗora mata ƴar rumfa ta fale-falen yumɓu a kanta, ruwan sama baya samun kan katangar balle ya zaizayeta, kuma Japan tafi ƙasarmu ruwan sama nesa ba kusa ba. Inda ta tsage zaka ga an liƙe, launin sabuwar ƙasar ma daban yake.

Ta saman katangun kuma lemo ne ke leƙowa, natsumikan suke ce masa, manya-manya ne ga tsami kamar me, lokacin yana fure ƙamshi ya cika lungu. Shima da labarinsa, da aka soke albashin samurai bayan canjin mulki na 1868 sai talauci ya kama su, shine suka shuka lemon a filayen gidajensu suna sayarwa, katangun kuma suna kare bishiyoyin daga iskar teku, to kaga dalilin da yasa ba'a rushe da yawansu ba kenan. Akwai lungun da zaka shiga kaga kamar ya toshe sai ya karya kwana ya sake karyawa, da gangan aka yi shi haka don a rikita abokan gaba, kuma har yau mutane na yawo a garin da taswirar zamanin Edo, wato zamanin mulkin samurai kafin 1868, basa ɓata saboda hanyoyin na nan inda suke.

Mun leƙa Shoka Sonjuku ma, wata ƴar makarantar katako mai ɗaki biyu, wallahi wata makarantar allon ta fita girma, amma nan Ito Hirobumi firaministan Japan na farko yayi karatu wajen malamin makarantar Yoshida Shoin. A 2015 UNESCO ta saka ta da tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abinda yasa na ɗauki alƙalami shine badalarmu ta Kano. Ina tsaye a lungun nan ita nake ta tunawa, wadda ta girmi Hagi da ɗaruruwan shekaru amma wani ya ɗebi ƙasarta yayi bulo, wani ya yanka ya kafa shago, wani wajen kuma ta zama bola, ni kaina muna yara mun sha hawa kanta muna zamiya muna gutsurarta bamu san ɓarna muke ba, babu wanda ya taɓa tsawatar mana. Magina masu aikin ƙasa har yanzu muna dasu a cikin birni, sun san yaɓe sun san makuba, tsufa kawai suke babu mai kiransu.

Dan Allah Malam Edita ku tura wakilinku ya zagaya daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Dukawuya da kyamara ya ɗauko mana abinda ya rage kafin damina ta sauka, ku buga mu gani.

Naku,
wani ɗan Kano mai karatu a Japan