Amsa ga mai neman ƙuri'un New York na 1800

Malam, bayan gaisuwa.

Tambayarka ta iso gare ni, ko da yake ba ni ka aiko wa ba, a bainar jama'a ka yi ta. Ka ce tunda na rubuta cewa jihar New York ce ta kayar da John Adams a zaɓen shugaban Amurka na 1800, in fito da yawan mutanen jihar da suka zaɓi Thomas Jefferson, ko kuwa in yarda ƙage na yi. Wannan kalma ta ƙage ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na daɗe ina koyar da tarihi, ba wanda ya taɓa jifana da ita sai kai.

Adadin da kake nema babu shi, Malam, domin a lokacin majalisar dokokin jihar ce ke naɗa wakilan zaɓe 12, wato waɗanda ke kaɗa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa a madadin jihar, ba jama'a ba. Saboda haka tun a zaɓen 'yan majalisa da aka fara a ƙarshen Afrilu aka yi ta ta ƙare. Aaron Burr, jigon jam'iyyar Jefferson a New York, ya tsayar da manya irin su tsohon gwamna George Clinton da Janar Horatio Gates, ya cinye birnin New York, majalisa ta faɗa hannun jam'iyyar Jefferson. Da Alexander Hamilton, jigo a jam'iyyar Adams, ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya rubuta wa Gwamna John Jay cewa a sauya dokar naɗa wakilan kafin sababbin 'yan majalisa su zauna. Jay fa ɗan jam'iyyarsu ne, amma ya ƙi.

Yanzu sai lissafi, tunda shi kake so. A 1796 Adams ne ya kwashe waɗannan 12, ya ci da 71 Jefferson yana da 68. A 1800 Jefferson 73, Adams 65. Mayar wa Adams da su, ka ga ya zama Adams 77, Jefferson 61.

Kunnen dokin da Jefferson ya yi da abokin takararsa Burr, kowa da 73, da ka ce na ɓoye kuwa, wanda sai da Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36, ai Adams ya riga ya faɗi kafin nan.

Lambar wayata tana hannunka, amma waya ba ta tara 'yan kallo. Abin da ya dame ni ke nan da masananmu na yanzu: mutum ya karanta kanun rubutu, ya ruga ya tara jama'a, ɗalibai kuma su ɗauka haka ake ilimi. Wasu daga cikin waɗanda suka tafa maka a ajina suke, kuma da ni za su yi jarrabawa.

Wassalam.