A Harbo Mana Wutar Daga Kan Dala

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in kawo wata shawara a kan wutar lantarki. Ni mai walda ne a Ƙofar Ruwa, na haura shekara 30 ina ƙona ido a kan ƙarfe. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma wanda ya daɗe yana zaman jiran wuta, ko bai yi boko ba, ba ya rasa lokacin tunani.

Abin ya faɗo mini ne a watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda a cikin duhu. Masu karatu za su tuna: an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, aka koma ana lallaɓawa da wanda ya biyo ta Inugu da Makurɗi, shi ma ya yanke. Litar fetur a lokacin ta haura naira 1,000, janareto ya zama sai mai hali. Ina zaune a bakin shago, ga ƙofofi uku na mutane a jingine ban haɗa ba, ga injin walda ya yi ƙura har gizo-gizo ya fara saƙa a jikin kebur. Sai mai shayin tsallaken titi ya ƙwala wa yarona kira ya ce ya ara masa batirin tocila. Yaron nan, don ƙiwa, ko tashi bai yi ba. Ya zaro batirin ya wurga, ya bi ta saman wata adaidaita sahu, mai shayi ya cafe, ya sa a tocilarsa, ta kama.

Na daɗe ina kallon hasken nan. Ga wuta ta tsallaka titi a gaban idona, ba waya, ba falwaya, ba taransifoma, ba wanda ya zo da tsani.

Malam Edita, ka duba tafiyar da wuta take yi kafin ta iso mu. Kainji tun 1968, Jebba, Shiroro ta 1990, ga sabuwar ta Zungeru mai megawat 700, dukkansu can wajen jihar Neja. Daga nan a ɗora ta a kan waya ta ratsa daji ɗaruruwan kilomita kafin ta sauka Kumbotso, sannan a rarraba ta unguwa-unguwa. A ko'ina cikin wannan doguwar tafiya mutum ɗaya da zarto ya isa ya kwantar da gari. In ta tsira daga daji, ga masu kwashe man taransifoma da tsakar dare. In ta tsira daga su, ga iskar farkon damina. Mu a layinmu sau uku muna karo-karon gyaran taransifoma, har mai unguwa ya ware littafi na musamman. Da famfo ya gaza, ai ba mu zauna da ƙishirwa ba, 'yan garuwa suka ɗauki ruwa a jarka suka bi gida-gida. To me ya sa wuta kaɗai za a ce sai ta waya?

Shawarata ita ce a riƙa harbo ta.

Da farko na yi tunanin dunƙulen ƙarfe. A kafa babbar majaujawa a kan Dutsen Dala, a kowace unguwa a girke wata ƙatuwar taya mai fukafukai haɗe da dainamo. A harbo dunƙule ya daki fiffike, taya ta juya, wuta ta kawo. Na zana shi da alli a ƙasan shago, ya yi kyau ƙwarai. Ɗana na biyu, wanda yake karatun injiniya, ya dawo hutu ya tarar da zanen. Ya tsuguna ya karɓi allin ya ce, "Baba, bari mu yi lissafi." Tun daga yadda ya faɗi haka na san ba alheri.

Ya ce a ɗauka dunƙulen kilo 10 ne, an harbo shi da gudun mita 100 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 360 a awa. Da wannan gudun zai yi tafiyar kamar kilomita ɗaya, ya yi daƙiƙa 14 a sama. Ƙarfin da yake ɗauke da shi, a ma'aunin da 'yan boko suke kira jul, 50,000 ne. Na ce masha Allah, dubu hamsin! Ya ce in dakata: yunit ɗaya na mita, wanda ake saya a kati, jul 3,600,000 ne. Kenan sai an harbo dunƙule 72 kafin a samu yunit guda, shi ma in ba a yi asarar komai a hanya ba. Dunƙule ɗaya da ƙyar ya cika batirin waya. Injina kuwa, in ina aiki sosai, yana shan kamar yunit 5 a awa. Ya ja layi ya rubuta 360. Kowace daƙiƙa goma dunƙule ɗaya, ƙarfe tan uku da rabi da ɗoriya yana sauka a ƙofar shagona duk awa. Ya ɗago ya ce, "Kuma Baba, wa zai mayar da su kan dutsen?"

Na goge zanen da ƙafa. Amma ban haƙura ba, don mai shayi ba dutse ya cafe ba, batir ya cafe.

A nan lissafin ya juyo wajena, shi kansa yaron ya yarda. Batirin litiyam irin na masu sola, mai bolt 12 da amfiya 100, nauyinsa bai fi kilo 12 ba, yana riƙe yunit ɗaya da 'yan kai. Jifa ɗaya ta fi dunƙule 80. Ta isa gida ya kwana da fanka ɗaya, ƙwan fitila uku da cajin wayoyi. Saman Dala shimfiɗaɗɗe ne, rana kuwa Allah Ya hore mana ita har ta yi yawa. A shimfiɗa faranten sola a can, a cika batura da hantsi, bayan la'asar a fara harbi. Dala ta ɗauki Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa da wajen Kurmi. Gwauron Dutse ya ɗauki nasa ɓangaren. Wanda ya sayi wuta ya shimfiɗa raga a tsakar gida ya jira.

Kada wani ya ce tsoho ya zautu, don ba ni na fara ba. Ranar 8 ga Yunin 1959 hukumar gidan waya ta Amurka ta zuba wasiƙu 3,000 a cikin makami mai linzami, aka harba shi daga jirgin yaƙi mai nutso a teku, ya sauka a jihar Florida cikin minti 22. Shugaban gidan wayan nasu har ya yi alwashin kafin mutum ya taka wata, haka za a riƙa aika wasiƙa. Ba a sake yi ba, gaskiya, amma wasiƙun sun isa. Kuma ba sai mun je nesa ba. A nan maƙwabta, a Pambeguwa ta jihar Kaduna, tun 2022 kamfanin Zipline yake harba ƙananan jirage marasa matuƙi da wata na'ura mai kama da ƙaton danƙo, su je su saki magani da 'yar laima a harabar asibitocin karkara. In allurar rigakafi za ta sauko daga sama lafiya, me zai hana batir?

Na ce dai gani ya kori ji, sai na yi gwaji. Na samo sifirin ɗin tsohuwar a-kori-kura a wajen 'yan gwangwan, na kafe gindinsa a jikin gatarin mota, na walda kwanon sha a bakinsa. Waldar ma da janareton aro na yi ta, lita biyu. Na ɗauki mataccen batirin babur, na naɗe shi da soson katifa, na ɗaure da roba. Bayan gidana akwai kango, na shimfiɗa tabarma a tsakiyarsa, taku talatin daga inda nake. Yara sun cika kan katanga. Mu uku muka danne sifirin har ya kusa taɓa ƙasa, na yi bisimilla, muka saki.

Batirin bai ko kalli tabarmar ba. Ya tashi yana juyi, soson ya rabu da shi tun a sama, ya wuce kangon, ya wuce katangar maƙwabcina. Sai muka ji tassss, sai kukan kaji, sai salati. Randar uwargidansa ce, wadda ta zo da ita tun ta aure. Allah Ya kiyaye ba kowa a kusa. Na shiga ba da haƙuri hula a hannu, na tarar da Alhaji tsaye a cikin ruwa yana jujjuya batirin. Ya dube ni ya ce, "Malam, kwana takwas ke nan, yau ne wuta ta fara shigowa gidan nan, ita ma matacciya." Na biya kuɗin randa. A gida kuwa mai ɗakina cewa ta yi, in wutar ta gagara, in bar wa mutane ruwan shansu.

Saboda haka ban ɓoye ba, akwai 'yan matsaloli. Batirin litiyam in ya fashe kamawa yake da wuta, irin wadda ba ita muka saya ba, don haka laima dole ce. Laima kuma da iska suke shawara, ranar da hunturu ya busa, wutar Ƙofar Ruwa sai a Jakara. Filin jirgin Malam Aminu Kano ba nisa, sai an zauna da su an raba lokaci, musamman lokacin jigilar alhazai. Masu kiwon tantabara za su yi ƙorafi. Ɓarayin wuta ma ba za su rasa dabara ba: wanda yake bayafas a yau, gobe gora zai samu mai tsawo ya ɗaura mata raga ya hau soro. Wanda tsautsayi ya faɗa wa kuwa, asibitin ƙashi na Dala yana nan kusa, ko kuɗin mota ba zai kashe ba.

Ɗana ya ce tunda dai sai an mayar da batura kan dutse a adaidaita sahu, me zai hana adaidaitar ta kawo su tun farko, a huta da harbi? Na ce masa yaro bai san gosulon Ƙofar Mazugal da yamma ba. A zuciyata na san ya fi ni gaskiya, amma ba a gaban ƙannensa ba.

Ga abin da ya sa na nace. Tun a 2020 aka raba mu aji-aji, 'yan Band A aka ce awa 20 a rana, a Afrilun 2024 kuma aka sa musu naira 225 kowane yunit. Mu da ba mu da mita ba mu ma san ajinmu ba. Abin da muka sani, ƙarshen wata takarda za ta zo da adadin da wani ya ƙiyasta a ofis. Watan nan na duhu, da na yi kwanaki ban kunna ko ƙwai ɗaya ba, takardar ta zo cif, ko naira ba ta ragu ba. Na je na yi bayani, aka ce in fara biya tukuna. Da me zan kafa hujja? Wutar waya ba a ganin shigowarta, ba a ganin rashinta a rubuce. Amma batir mai kilo 12 in ya faɗo tsakar gidanka, kai ka sani, maƙwabta sun sani, kaji ma sun sani. In bai faɗo ba, ba mai kawo maka takarda ya ce ya faɗo. A ƙirga abin da ya sauka, a biya. Ko da rabi zai ɓace a iska, na fi son in ga inda rabin nawa ya nufa.

Ma'aikata ma muna da su. 'Yan bindigar da suke cika gari da ƙara a hawan sallah sun san albarushi, sun san saiti, kuma yawancin shekara ba a nemansu. A Alƙahira ma ai da igwa ake sanar da shan ruwa da azumi. Mu tamu igwar in ta tashi, yara su yi ihun da suka saba yi in an kawo wuta, sai dai wannan karon su yi shi daga cikin ɗaki.

Roƙona ga hukuma, a ba ni izinin gwaji ɗaya tak daga kan Dala, ranar Alhamis bayan la'asar, da mataccen batir. Na riga na rage ƙarfin sifirin, na kuma ɗinka laima da buhun siminti. Abin da ya rage mini shi ne wurin sauka. Duk mai tsohuwar katifa ko ragar kamun kifi da ba ya amfani da ita, ya taimaka ya kawo Ƙofar Ruwa, ya tambayi shagon mai waldar da ya fasa randa. Ko yaro ka tambaya zai nuna maka.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai walda,
Ƙofar Ruwa, Kano.