Amsa ga Sarkin Noma kan ramukan rabin wata

Ranka ya daɗe,

A taron manoma da makiyaya ka tambaye mu, malaman gona, me ya sa ramukan rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama masu siffar rabin da'ira, da masu tallafi suka biya aka haƙa muku bara suka cike da rairayi, gero bai yi ba, ciyawa ba ta fito ba. Ga amsarmu.

Rabin wata na fako ne, ƙasar da ta taurare har ruwan sama ke wucewa bai shiga ba. A jigawa damina ɗaya ta isa ta rufe shi, a fadama kuwa ruwa zai kwanta ya ruɓar da shuka. To amma idan kan yawan ramuka ake biya, mai haƙa inda ya fi laushi zai nufa. Daga nan ɓarnar take farawa.

Sai awo. Faɗinsa mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25. Bakinsa ya fuskanci tudu, inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka kwashe a tara ta a gefen gangare, a daddaɓe ta zama kunya. Tsakanin rami da rami mita 4, tsakanin layi da layi ma haka, kuma ramin layin ƙasa ya tsaya daidai giɓin na sama don ya tare ruwan da ya kuɓuce. A haka hekta ɗaya na ɗaukar kusan 313. Layin da aka ja da ido, ba a auna gangaren ba, ruwa zai taru a kusurwa ɗaya ya fasa kunyar, ya tafi da ta ƙasa.

Abin da aka fi mantawa shi ne taki. Kowane rami na son baro guda na takin da ya ruɓe, a zuba tun da rani. Gara ce za ta bi shi ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanya. Ɗanyen taki kuma ƙona tsiro yake yi.

A makiyaya, a shuka gamba ko kyasuwa, a dasa dakwara, sannan a hana dabba shiga aƙalla damina biyu. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna da ardo tun kafin a sa diga, an bar burtali da hanyar mashaya a buɗe.

Su kuma gonakin jigawa, sassaben zamani ya fi musu, irin wanda aka fara a yankin Maraɗi a 1983: a kowane kututturen kalgo ko sabara a bar rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran, gawo kuma a ƙyale shi.

Idan masu tallafin sun dawo bana, ku nemi a sa kuɗin taki, da na mai gadi, da gyaran kunya bayan damina cikin yarjejeniya kafin ku sa hannu.

Allah ya ja zamaninka.

Malaman gona na yankinku