Gasar mutum-mutumin faɗa: a koya wa yaranmu shiri da binciken ɓarna kafin a ba su fage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya fara ɗaukar hankalin ɗalibanmu na makarantun kimiyya da fasaha a nan birnin Kano, wato gasar mutum-mutumin faɗa, wadda suke kallo a wayoyinsu, har wasu daga cikinsu sun fara tara kayan gwangwan suna gwada haɗa nasu. A matsayina na mai koyar da aikin lantarki, wannan sha'awa ta faranta mini rai ƙwarai. Damuwata ɗaya ce: abin da bidiyo ke nuna wa yaran shi ne minti 3 na tartsatsi da tashin ƙarfe, alhali kuwa ilmin da ke cikin wasan yana wurin shirin da ake yi kafin a shiga fage da binciken da ake yi bayan an fito, kuma waɗannan biyun ne ba sa samun mai nuna musu.

Wasan ba sabo ba ne a duniya. Marc Thorpe ne ya shirya gasar Robot Wars ta farko a birnin San Faransisko na Amurka a shekarar 1994, gidan talabijin na BBC ya fara nuna irinta a Ingila a 1998, sannan BattleBots ta biyo baya a Amurka a 1999. Waɗannan na'urori ba su da siffar mutum. Akwatuna ne masu taya da ake tuƙawa da rimot, wasu da faifan ƙarfe mai juyawa a gaba, wasu da ganga mai haƙora, wasu kuma da baki kamar shebur don shiga ƙarƙashin abokin karawa a kifar da shi. Manyan da ake gani a talabijin suna kai kilo 113, amma akwai ƙananan rukuni na kilo 1.36 da na giram 454, har da na giram 150 da ake yi a Ingila, kuma waɗannan ƙananan su ne daidai ƙarfin makarantunmu.

Shiri daga sikeli yake farawa. Kowane rukuni yana da iyakar nauyi, kuma wanda ya zarce ko da kaɗan ba ya shiga fage, saboda haka dole ɗalibi ya zauna da biro da takarda ya raba nauyin da aka ba shi tsakanin sulke da makami da batir da injinan tuƙi. Idan ya ƙara wa sulke kauri, makami zai rage ƙarfi. Idan ya ɗora babban makami, to batirin da zai ɗauke shi har ƙarshen wasa zai ci nauyin da ya kamata a ba wa sulke. Ban san wani darasin aji da ke tilasta wa yaro irin wannan lissafi da kansa ba, ba tare da malami ya tsaya a kansa ba.

Bayan nauyi sai ɗauri. Duk noti da sukurun da ke jikin na'urar za su sha girgiza mai tsanani, shi ya sa masu wasan ke ɗiga musu gam na musamman mai hana su kwancewa, kuma suna bin su ɗaya bayan ɗaya da sifana kafin kowace karawa. Wayoyi ma haka: kowace mahaɗa a liƙe ta da dalma sosai, a rufe ta, a ɗaure wayar a jikin gangar na'urar yadda ba za ta kusanci abin da ke juyawa ba. Sau da yawa ba makamin abokin gaba ne ke kayar da mutum-mutumi ba, waya guda ce da ta fizge daga mazauninta ta bar shi tsaye cik, alƙalai kuma suka ƙirga masa daƙiƙa 10 suka fitar da shi.

Inda na fi son hukumomin makarantu su saurara shi ne batun tsaro, domin a nan ne wasa ke iya komawa kuka. A gasannin da aka tsara da kyau, ba a barin na'ura ta shiga fage sai ta cika wasu sharuɗɗa. Ana kashe rimot a gaban masu bincike a ga ko taya da makami za su tsaya da kansu, domin na'urar da ke ci gaba da gudu bayan saƙon rimot ya yanke ba ta da mai iko da ita. Ana buƙatar makunni ko mahaɗar da za a iya cirewa nan take a katse wutar gaba ɗaya. Ana kuma buƙatar sakata da ke riƙe makami ya kasa juyawa, wadda ba a zare ta sai na'urar tana cikin fage, kuma tsarin shi ne a fara kunna rimot kafin a kunna na'urar, a kuma kashe na'urar kafin a kashe rimot. Shi kansa fagen rufaffe ne ta kowane ɓangare har sama, da wata roba mai kauri garai-garai da ake kira folikabonet, wadda ke shanye duka ba ta tarwatse. Gilashi ba ya maye gurbinta, ragar waya ma haka, don ɓarɓashin ƙarfe yana ratsa ta. Ɗalibanmu sun karanta a darasin fiziks cewa idan aka ninka gudun abu sau biyu, ƙarfin da ya tara yana ninkuwa sau huɗu, to haƙorin faifan da ya ɓalle yana cikin juyawa zai iya raba yaro da idonsa ko da na'urar ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba. Makarantar da ba ta da halin gina rufaffen fage, ta tsaya ga masu turi da kifarwa, ta hana makami mai juyawa gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai batir, wanda yanayin garinmu ya ƙara wa haɗari. Yawancin waɗannan na'urori suna amfani da batirin litiyom na irin jirage marasa matuƙi, wanda kowane gida nasa, wato ƙananan baturan da aka haɗa a cikinsa, ke cika a ƙarfin wuta na bolt 4.2, kuma yana lalacewa idan aka zuƙe shi ya sauka ƙasa da bolt 3. Idan za a ajiye shi na kwanaki, ana barin sa a wajen bolt 3.8. Ba ya jure huda, ba ya jure matsa, ba ya kuma jure zafi, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Don haka kada a yi masa caji a rana, kada a bar shi a cikin mota a rufe, kada kuma a sa shi a caji a tafi a bar shi ba mai kallo. Bokitin yashi busasshe ya kasance a kusa a kowane lokaci.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da zarar an tashi daga karawa, abin da yaro zai so shi ne ya kunna na'urarsa ya ga ko tana tafiya, idan ta motsa ya ce lafiya lau. Wannan kuskure ne, kuma aikin malami ne ya hana shi. Abu na farko shi ne a mayar da sakatar makami, a katse wuta, a fitar da batir a ajiye shi a kan siminti a dube shi ta kowace fuska. Idan ya kumbura, ko ya lotsa, ko fatarsa ta yage, ko yana fitar da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, to ya gama aiki, a nisanta shi da mutane, domin batirin da ya ji rauni yakan kama da wuta bayan an ɗauka komai ya wuce.

Daga nan sai a yi amfani da hanci da yatsa kafin a ɗauko mitar auna wuta. Ƙaurin ƙonewa a cikin akwatin yana nuna cewa allon da ke sarrafa gudun inji ya sha wuta fiye da ƙima. A taɓa jikin kowane inji da bayan yatsa: wanda ya fi 'yan uwansa zafi, akwai abin da ke riƙe shi. A juya kowace taya da hannu a hankali a kasa kunne. Idan ta yi gargada a wuri guda a kowane zagaye, haƙorin giya ya karye, idan kuma tana gurza kamar akwai yashi a ciki, boris, wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, ya tafi ko kuma maganaɗisun cikin injin ya ɓalle daga mazauninsa. Sandar da makami ke juyawa a kanta a zare ta a mirgina ta a kan gilashi shimfiɗaɗɗe, domin lanƙwasar da ido ba ya gani za ta bayyana nan take ta hanyar ɗingishin da sandar za ta riƙa yi. A duba gefen kowace huda ta sukuru da bakin kowace walda da tocila, saboda tsagewa daga nan take farawa siririya kamar gashi. Kuma kada wanda ya ci wasa ya ɗauka shi ya tsira: duk dukan da makaminsa ya kai wa abokin karawa, daidai ƙarfinsa ya dawo ta cikin sandarsa da boris ɗinsa da gangar jikinsa, shi ya sa wani lokaci mai nasara ke fitowa da ɓarnar ciki wadda ta fi ta wanda aka kayar.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoto, sannan a rubuta a littafi abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa. Dalilin shi ne abin nema. Idan taya ta fita, a tambaya ko roba ce ta yage, ko sukuru ne ya kwance, ko sandar ce ta yi ƙanƙanta da irin dukan da ta sha, domin kowace amsa da gyaranta daban. Ɗalibin da ya saba da wannan tambaya shi ne gobe zai tsaya a gaban injin da ya tsaya a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa ya gano musabbabin, maimakon ya yi ta canza kaya har a dace.

Kano ba ta rasa abin da ake buƙata ba. Akwai ƙarfe da masu walda a Ƙofar Ruwa, akwai kayan lantarki a Sabon Gari, akwai kuma matasa a Farm Centre da hannunsu ya faɗa wajen liƙa dalma a kan allon lantarki na cikin wayar hannu, wanda ya fi na mutum-mutumi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa sun daɗe suna yaye haziƙai tun daga 1977, ga kuma tsangayar injiniya ta Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, waɗanda za su iya ba da wurin aiki da masu sa ido.

Roƙona ga Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jiha da duk wanda ke tunanin shirya irin wannan gasa shi ne a fara da rukunin da bai wuce kilo 1.36 ba, a rubuta dokokin tsaro da Hausa da Turanci a raba wa makarantu tun kafin yara su fara haɗa komai, a ba kowace ƙungiya isasshen lokaci tsakanin karawa da karawa don bincike da gyara, sannan a ware kyauta ta musamman ga ƙungiyar da littafinta na binciken ɓarna ya fi tsari, ko da an fitar da ita tun zagayen farko.

Na gode da wannan dama.

Wani malamin koyar da aikin lantarki,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.