A Gyara Maganar Ɗaga Bodin A-kori-kura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirin motoci na ranar Asabar ya ɓata min rai, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban huce ba. Mutum ana ce masa injiniya, ya zauna ya gaya wa jama'a cewa duk mai a-kori-kura da ke fama da hanyar ƙauye ya je a ɗaga masa bodi inci uku, ya sa manyan tayoyi, shi ke nan ya rabu da laka da kwazazzabo. Mai gabatarwa kuma ba abin da yake cewa sai "haka ne, ranka ya daɗe." To ba haka ba ne.

Ni bakanike ne, a ƙarƙashin Hilux na yi furfura. Motar nan hawa biyu ce: akwai shasi a ƙasa, shi ke ɗauke da inji da giya da aksul da tankin mai, sannan bodi yana zaune a kansa da kusoshi. Abin da ake yi a ɗaga bodi shi ne a kwance kusoshin nan, a cusa toshe tsakanin bodi da shasi, a ɗaure da dogayen kusoshi. Bodi ya yi sama. Shasi yana nan inda yake. Tulun aksul na baya, wanda shi ne ke fara dukan tudun tsakiyar hanya, ko gashi ɗaya bai motsa ba. Tamkar gajere ne ya sa doguwar hula, ya ce zai tsallake rafi.

Zai ce ai tayar ce ke ɗaga ta. Mu yi lissafi. Tayar da Hilux da yawa ke zuwa da ita, 265/65 R17, tsayinta kusan santimita 78 ne. Wadda samari ke hanƙoro, 285/70 R17, kusan 83. Bambancin bai kai santimita shida ba, kuma rabinsa kawai ke ƙarƙashin aksul. Wato duk wannan kuɗi da wahala, tulun aksul ya tashi da kimanin inci ɗaya. Inci ɗaya! Wannan ne baƙonku ya ce zai raba mutum da laka?

Abin da bai faɗa ba shi ya fi ci min rai. Sandar sitiyari daga bodi take saukowa zuwa shasi. Ka ɗaga bodi inci uku, ka zare ta daga mazauninta ke nan, sai ɗan abin da ya rage ya riƙe. Bututun birki daga bodi yake zuwa ƙasa, ya miƙe ya yi tsam. Lagireto yana jikin bodi, fanka tana jikin inji, sai su saɓa, fanka ta fara cin murfinta, mota ta fara zafi a gosulo. Tiyon zuba mai ya gajarce. Sandar giya ta nutse, tana dukan bakin raminta, ka sa ta biyu ko ribas ta fice da kanta. Wayar birkin hannu, wayar as mai haɗa lantarki da ƙarfen mota, duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Bamba kuwa tana shasi, sai ka ga rata tsakaninta da fitila, abin ko kyan gani babu. A cikin duk waɗannan, wanne ya ambata? Ko ɗaya.

Na san inda ya kwaso maganar. Bidiyoyin Amurka ne da ke yawo a YouTube da TikTok, inda ake nuna manyan Ford da Chevrolet an ɗaga su sama. Amma can kwali guda mutum ke saya, an ƙera shi don samfurin motarsa: toshe na roba mai tauri ko alminiyam, kusoshi masu ƙarfi da lambarsu a kai, ƙarin sandar sitiyari, ƙarfen saukar da lagireto, na ɗaga bamba. Kuma yawancinsu don kwalliya suke yi, motar ba ta taɓa ɗaukar buhu ba. Mu nan fa? Mai walda ya yanko faifan ruwa, a tsinto kusoshi a kasuwa, a ƙara sandar sitiyari da guntun rodi.

Ba ji na yi ba. Damina waccan wani Alhaji mai fataucin hatsi ya kawo min motarsa, an yi masa wannan aiki a wani gareji da ba zan ambata ba. Ƙorafinsa wai sitiyari na wasa, kuma bodi na ƙara idan ya shiga gargada. Na shiga ƙasa da tocila, jikina ya yi sanyi. Abin da ke riƙe da sandar sitiyarin bai kai gaɓar yatsa ba. Faifan da aka sa ya cinye robar mazauni, ya fara huda ƙasan bodi, kusoshi biyu sun lanƙwashe. Wannan motar ce ke kwaso masara ranar kasuwa, buhu kan buhu, da mutane zaune a sama har da mata masu goyo. Na kira shi na nuna masa da idonsa, ya kama salati. Muka sauke bodin muka mayar da shi yadda Toyota ta yi shi, amma ƙasan da ya tsage sai da mai walda ya yi faci, kuma ba zai koma kamar da ba.

Ku duba yadda muke lodi a ƙasar nan. Mota dama an tara mata kaya sun wuce kai, nauyi ya riga ya koma sama. Ka ƙara ɗaga bodi da akwatin kaya inci uku, ka ƙara tayar da ta fi tsawo, sannan direba ya kauce wa rami ko akuya da gudu. Me kuke zato? Ga shi babbar taya tana sa maleji ƙarya: yana nuna 100, kai kuwa kana kan 107. Birki ya ƙara nisa kafin ya tsaya, saboda tayar ta fi nauyi kuma ta fi ƙarfin faifan birkin da aka yi wa ƙarama. Mota ta rasa ƙarfin hawa tudu, kulochi ya sha wuya, mai ya ƙara tafiya, a wannan tsadar. In taya ta fashe a ƙauye kuma, mai faci ba shi da irinta, tayar ko-ta-kwana da ke ƙarƙashi ta tsohon girma ce.

Tun ranar Litinin samari ke zuwa garejina da wannan magana. Na ce ba na yi, sai wani yaro, sa'an ɗana, ya dube ni ya ce, "Baba, ai a rediyo injiniya ya faɗa." Kun ga abin da kuka jawo. Ni da hannuna ke cikin baƙin mai na zama wanda bai waye ba. Na tabbata daga wurina wani garejin suka nufa, kuma za a samu wanda zai yi musu.

Wanda hanya ta dama, ya fara duba sifirin ɗinsa na baya da lodi ya kwantar, ya sake shokozoba, ya sa taya mai manyan haƙora daidai girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Sau tari wannan kaɗai ke dawo da tsayin da ya ɓace. In kuma dole sai an ɗaga, to inci ɗaya zuwa biyu, da kayan da aka ƙera don motar, a hannun wanda zai bi sitiyari da birki ya tabbatar. Ku dawo da baƙon nan ya faɗi haka da bakinsa, ko ku karanta takardata gaba ɗaya, ban da yanke-yanke.

Sannan, Malam Edita, shirin rabin awa ne, amma tallan maganin basir da na sanyi sun cinye kusan rabinsa. Lambar da kuke cewa a kira kuma kullum a kashe take ko ana kan layi, sai mutanen nan guda nawa da muka haddace muryarsu, su gaida surukansu su kashe. Na yi ta bugawa ranar Asabar har aka rufe shiri. A gyara.

Naku,
Wani bakanike mai sauraronku, daga Gusau