Kun kwaɗaita mana bakin teku, ba ku faɗa mana lokacin ruwa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta shafinku na yawon buɗe ido, inda kuka kwaɗaita wa jama'a zuwa hutu a ƙauyukan gaɓar teku, nesa da hayaniyar birni. Hotunan sun yi kyau, ban musa ba. Amma kun yi tuya kun manta da albasa, domin ko layi ɗaya ba ku yi a kan cikar teku da janyewarsa ba, alhali abin da ya kusa halaka ni da ɗana ke nan.

Bara muka yi kwana biyar da iyalina a wani ƙaramin masauki mai ɗaki shida, can inda kwalta ta ƙare, waya ma sai an hau tudu take samun sabis. Wata dattijuwa ce ke riƙe da gidan. Kwaɗon ɗakinmu duk tsatsa, ruwan rijiya kuwa zartsi, sabulu da ƙyar yake kumfa. Ban yi ƙorafi ba, wanda ya zo maƙwabtaka da gishiri dole ya ga haka. A jikin ƙofar shiga an liƙa wata takarda cike da lambobi, na ɗauka lokutan motar haya ne. Ashe jadawalin ruwa ne.

Rana ta biyu da hantsi teku ya ja baya sosai, har wani tsibirin duwatsu ya zama ana zuwa da ƙafa. Za mu fita ni da yaron, dattijuwar ta ce, "Ɗana, kada ƙarfe ɗaya ta yi muku a can." Na ce, "To, Mama," a raina kuwa ina cewa ai ga gida ana hangowa. Muka shagala da kallon ƙaguwa da 'yan kifayen da ruwa ya bari a kwarmin dutse. Da na ɗaga kai, babu hanyar yashin da muka biyo. Ni ina tsaron ruwa ta gaba, shi kuwa ta baya ya zagayo ya cike kwarin da ke tsakaninmu da gaɓa. Na ɗora yaron a wuya na shiga, ruwa har ƙirji, yashi yana zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Wani masunci ne ya tare mu da kwalekwale, Allah ya saka masa da alheri.

Dattijuwar ba ta yi mini faɗa ba. Tawul ta miƙo, sannan ta ja ni gaban takardar nan. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu, ya ja sau biyu a kwana guda, kuma tsakanin cika da cika kusan awa 12 ne da minti 25. Shi ya sa kullum lokacin yake ƙara jinkirin kusan minti 50, wanda ya dogara da abin da ya gani jiya ya yaudari kansa. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi, don haka a tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwan ya fi ja da nisa, ya kuma fi cika. Mu a sha huɗu muka je. Sannan dawowarsa ba tafiya ɗaya ba ce: a awar farko kamar ba ya motsi, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin ruwan yake shigowa. A mashigin teku na Fandi a Kanada ma bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 16.

Akwai kuma janyewar da ba ta cikin jadawali. Idan teku ya zuƙe farat ɗaya, tudu ake nema a guje, ba tsintar kifi ba. Haka ya yi a wasu gaɓoɓin kafin tsunamin 26 ga Disamba 2004 a Tekun Indiya, wato bala'in manyan igiyoyin ruwa da ya kashe sama da mutum 200,000.

A irin waɗannan ƙauyuka babu ma'aikacin ceto a bakin ruwa, asibiti kuma da nisa. Roƙona, duk lokacin da za ku sake irin wannan shafi, ku sa a ƙarƙashin hoton cewa baƙo ya tambayi mai masauki ko masunta lokacin ruwa tun kafin ya kwance jakarsa.

Naku,
Wani mai karatu