Godiya ga sashen tiyatar hannu da ya gano ciwon wuyan hannuna

Assalamu alaikum, likitoci, ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi na wannan sashe.

Na zaɓi in gode muku a bainar jama'a saboda ba ku tsaya ga hoton farko ba. Da na faɗi na dafa ƙasa da tafin hannu, hoton ƙashi bai nuna karaya ba, kowa ya ce targaɗe ne, zai wuce. Amma in na murɗa makulli ko na dafa zan miƙe, sai zafi ya soke ni a bayan wuyan hannu, wani lokaci har da ƙas.

Likita, ka ɗora babban yatsanka a kan wani ɗan ƙashi, kana karkata hannun a hankali, har muka ji ya goce. Sai ka sa aka sake hoto ina dunƙule da hannu, aka kwatanta da ɗayan. Nan giɓi ya bayyana tsakanin sikafoyid da lunet, wasu ƙananan ƙasusuwa biyu na wuyan hannu, ya haura milimita 3. Ka zana min a takarda cewa ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, a layi biyu, jijiyoyi ke ɗaure su, ita kuwa jijiya ba ta fitowa a hoton ƙashi. Hoton MRI, wanda ke iya nuna jijiya, ya ƙarfafa zaton cewa jijiyar da ke ɗaure ƙasusuwan nan biyu ce ta yage, ƴar kyamarar da kuka zura cikin gaɓar ta tabbatar jijiyar ta tsinke gaba ɗaya.

Abin da ya fi kwantar min da hankali, ba ku ɓoye min komai ba. Kun ce da ɓangare ne ya yage, ɗaure hannu na wasu makonni zai iya wadatarwa. Kun ce in aka bari, ƙasusuwan za su riƙa gugar juna har guringuntsi ya lalace, amosanin gaɓa ya biyo baya. Kun ɗinke jijiyar, kuka riƙe ƙasusuwan da siraran ƙarafa har ta kama.

Malama mai gashi, haƙurinki ya yi yawa. Kin koya min lanƙwasa hannu a karkace kamar mai jefa ƙaramar kibiya, domin wannan motsi bai cika jan ɗinkin ba, kina hana ni gaggawa.

Hannun bai lanƙwasa kamar da, kuma tun kafin aiki kun gaya min haka. Amma ina ɗaukar kaya, ina rubutu, babu zafi. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Ɗaya daga cikin majinyatanku